Mutum Takwas Da Kalmar Sawaba: Yadda NEPU Ta Faro A Kano

 

Duk lokacin da aka buɗe fagen siyasa, a wannan gefen iyaka ko a wancan, za ka ga ƙananan jam'iyyu sun ɓullo. Matasa biyar ko goma, ɗan shago guda a matsayin ofis, da tuta sabuwa. Yawancinmu dariya muke yi, mu ce waɗannan ko kansila ba za su ci ba. Sau da yawa kuwa gaskiya ne. Amma akwai wata ƙaramar jam'iyya da aka yi wa irin wannan dariyar a Kano, wadda ba ta taɓa kafa gwamnati ba har ta mutu, kuma duk da haka abin da ta nema ya taɓa aljihun makiyayi da na ɗan kasuwa. Ita za mu duba yau, don mu ga da wane ma'auni ya kamata a auna irin waɗannan jam'iyyu.

Ran 8 ga watan Agusta 1950 ne wasu mutum takwas suka zauna a Sabon Garin Kano suka kafa NEPU, wadda da Hausa ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Su ne Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin, da Musa Kaula, da Abdulƙadir Ɗanjaji, da Babaliya Manaja, da Garba Bida. Babu sarki a cikinsu, babu hakimi. Magaji Ɗambatta ɗan jarida ne, Mudi Sipikin kuwa an fi saninsa da rubuta waƙa. Abba Maikwaru aka ba shugabanci. Malam Aminu Kano, wanda yau sunansa ke fara zuwa baki in an ambaci NEPU, ba ya cikin wannan zama. A lokacin yana koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru, can ƙasar Sakkwato. Sai a ƙarshen shekarar ya ajiye aiki ya dawo Kano, kuma a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar.

To, me ya tayar da su? Sai ka san yadda ake mulkin Arewacin Nijeriya a lokacin kafin ka gane. Turawan Ingila ba su cika yin hulɗa da talaka kai tsaye ba. Razdan da Di'o suna can sama, amma hannun da talaka ke ji a wuyansa na En'e ne, wato hukumar sarki. En'e ke da 'yan doka, ita ke da kotun alƙali, ita ke da gidan yari, ita ke da baitulmali. Sarki ya naɗa hakimi, hakimi ya riƙe dagatai, dagaci ya riƙe masu unguwa. Ta wannan tsani haraji ke hawa sama, wani kaso ya zauna a baitulmalin En'e, wani ya tafi ga gwamnatin Turawa. Lauya ba ya shiga kotun alƙali. Ke nan wanda ya karɓi harajinka, da wanda zai kama ka in ka yi gardama, da wanda zai yi maka shari'a, da wanda zai tsare ka, duk gida ɗaya suke yi wa aiki. Wa za ka kai wa ƙara?

Malam makiyayi, naka kason a wannan tsari shi ne jangali. Da damina ake fitowa ƙidayar shanu, lokacin da garke ya zauna wuri ɗaya, a yanka kuɗi a kan kowace saniya. Dattawanku sun san sauran labarin: raba garke biyu a ɓoye rabi a daji, tashi cikin dare a tsallaka ƙasar Faransa, wani lokaci kuma a tsallako daga can in lanho ya yi nauyi. Bayan kuɗin da doka ta sani, akwai wanda ba a rubutawa: ɗan bajimin gaisuwa, da nono da man shanu na masu ƙidaya. Alhaji ɗan kasuwa kuma, kai naka shi ne kuɗin rumfa, da gaisuwar sarkin kasuwa, da kwashe maka jakuna ko yaranka a yi aikin hanya ko noman gandun hakimi ba lada.

Ba 'yan NEPU kaɗai suka ga wannan ɓarna ba. A cikin watan Agustan nan na 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi. Inda aka rabu shi ne kan wa zai yi gyaran. Manyan Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama NPC, sun ga ya kamata a bi sannu tare da sarakuna, musamman ganin Kudu ta yi wa Arewa nisa a ilimin boko, suna tsoron in Arewa ta rabu gida biyu za a danne ta. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Su kuwa matasan Kano sun ga cewa mai cin moriyar abu ba zai gyara shi da hannunsa ba. A taron Jos na watan Disamba 1950 aka yi baran-baran, kowa ya kama gabansa.

NEPU ta rubuta aƙidarta a wata 'yar takarda da aka sani da Sanarwar Sawaba. Gundarin abin da ke ciki uku ne. Na ɗaya, talaucin Arewa da ci bayanta sun samo tushe daga mulkin 'yan gida ɗaya da ke riƙe da En'e, Turawa na dafa musu baya. Na biyu, al'umma ta kasu biyu, masu sarauta da talakawa, kuma buƙatunsu sun saɓa. Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, 'yantar da talaka aikin talaka ne shi da kansa, ba wanda zai kawo masa a faranti. Abin da suka fi nanatawa shi ne a mayar da majalisun En'e na zaɓe, a raba kotu da fada, a daina aikin tilas, a yi zaɓe kai tsaye a asirce, a ba mata ƙuri'a da ilimi.

Ka lura da yadda suka sauko da wannan aƙida ƙasa, don nan ne ƙarfinsu yake. Ba dogon Turanci suka kai kasuwa ba. Cewa suke yi wa mutum: in ka biya haraji ko jangali, ka karɓi rasit, ka duba abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ka bayar. In an ce ka fito noman gandu, ka tambayi nawa ne ladan. In alƙali ya zalunce ka, akwai ɗaukaka ƙara. In ka je gaban hakimi, ka yi sallama a tsaye kamar Musulmi, ba dole sai ka faɗi ƙasa ba. Yau waɗannan kamar ba komai ba ne. A 1951 kuwa, kowanne daga ciki yana iya kai mutum gidan yari. Shi ya sa teloli, da mahauta, da 'yan koli, da marina, da direbobi, da malaman zaure suka rungumi jam'iyyar. Alhaji Tanko Yakasai, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyanta, tela ne lokacin da ya shiga.

Akwai wata magana da ya kamata makiyaya su ji da kyau. Abokan adawa sun yaɗa cewa NEPU jam'iyyar ƙin Fulani ce, tunda yawancin sarakunan da take suka Fulani ne. Amma Malam Aminu shi kansa Bafulatani ne, daga gidan malamai da alƙalai na Kano. Hujjarsa ma daga littattafan masu jihadi yake ɗauko ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, ƙasar Gobir da ke cikin Nijar a yau, ya lissafa jangali da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa, a littafinsa Kitabul Farƙ. Tambayar NEPU ita ce: yaya aka yi abin da Shehu ya hana ya dawo a hannun masu riƙe da tutarsa? Bafulatanin fada da na ruga suna iya haɗa kaka, amma ranar ƙidayar shanu ɗaya ne ke riƙe da alƙalami, ɗaya na riƙe da sanda. Sai dai kuma gaskiya ita ce NEPU jam'iyyar birni da kasuwa ce. Ba ta yi nisa cikin rugage ba. Makiyayi yana buƙatar yardar hakimi da dagaci kafin ya sami wurin zama da mashaya, don haka fitowa fili a yi adawa da su tsada ce da ba kowa zai iya biya ba.

Gwajin farko ya zo a zaɓen 1951. Ba zaɓen kai tsaye ba ne, hawa-hawa ne: unguwa ta zaɓi wakilai, su kuma su zaɓi na gaba, har a kai matakin lardi. A matakin farko NEPU ta ba kowa mamaki, ta yi rinjaye a birnin Kano da wasu garuruwa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa. Amma doka ta ba En'e dama ta cusa nata mutane, kashi 10 cikin 100, a mataki na ƙarshe. Da aka tace aka sake tacewa, ko ɗan NEPU ɗaya bai shiga majalisar Kaduna ba. Wannan nasara ta matakin farko ita ta farkar da sarakuna da manyan ma'aikata, aka mayar da NPC cikakkiyar jam'iyyar siyasa a watan Oktoba 1951.

Daga nan wahala ta fara da gaske. Taro sai da izinin En'e, kuma En'e ita ake suka. Laifin "zagin sarki" ya ishe a yi wa mutum bulala a ɗaure shi. An kori mutane daga aiki, an ƙwace rumfuna, an ƙara wa wasu haraji da gangan. A Kano an sami gungun da ake kira 'Yan Mahaukata masu far wa 'yan NEPU, su ma samarin NEPU suka kafa nasu rundunar, aka yi ta fasa kawuna. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta jagoranci matan jam'iyyar, kuma an ɗaure ta har sau 16. Ka tuna fa, tana wannan gwagwarmaya ne alhali ita kanta ba ta da ƙuri'a.

NEPU ba ita kaɗai ce ƙaramar jam'iyya a Arewa ba. A Barno an yi ƙungiyar samarin Barno, wadda Ibrahim Imam ya zama jigonta. A Ilori an yi Talaka Parapo, wadda har ta karɓe majalisar En'e ta hanyar zaɓe a 1957, kafin gwamnatin Kaduna ta rushe majalisar a 1958. Matsalarsu duka ɗaya ce: rashin kuɗi da rashin lauyoyi. Wannan ya tura su neman babban yaya a Kudu. NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe a 1954. A zaɓen tarayya na 1959, cikin kujeru 174 na Arewa, NPC mai alamar fartanya ta ci 134, NEPU mai tauraro ta ci 8, har da ta Malam Aminu. Sai ga NCNC ta shiga gwamnati tare da NPC a Ikko. Ke nan abokin tafiyar NEPU yana cin tuwo da abokin gabarta, 'ya'yanta kuma suna cike da gidajen yarin En'e. A zaɓen majalisar Arewa na 1961 kujera ɗaya tak ta samu.

Yanzu mu tsallako gida Nijar, don kalmar sawaba ba ta tsaya a shingen duwan ba. A 1954 Djibo Bakary, malamin makaranta kuma jagoran ƙungiyar ƙwadago, ya kafa tasa ƙaramar jam'iyya mai suna UDN. Mutanensa irin na NEPU ne sak: direbobi, 'yan kamasho, leburori, masu sana'ar hannu, ƙananan fatake. A Damagaram da Tasawa da Maraɗi, inda kullum ake hanyar Kano, kiran da ake yi a taro shi ne sawaba, har ya zama sunan jam'iyyar, raƙumi kuma alamarta. Ita ta yi abin da NEPU ba ta yi ba, ta hau mulki. Djibo ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya kuma jagoranci gwamnatin farko ta 'yan ƙasa a 1957. Amma don ta kai ga haka sai da ta haɗe da BNA, jam'iyyar da sarakuna suka yi wa yawa.

Ranar gwaji ta zo ran 28 ga Satumba 1958, ranar ƙuri'ar raba gardama ta Janar de Gaulle. Sawaba ta ce a kaɗa "a'a", a karɓi 'yanci nan take. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, aka matsa wa sarakuna, su kuma suka juya wa Djibo baya. "I" ta sami kusan kashi 78 cikin 100. Gwamnatin Sawaba ta faɗi, Diori Hamani na RDA ya hau, aka haramta jam'iyyar a 1959. Da yawa daga 'ya'yanta Kano suka gudu, kuma 'yan NEPU ne suka ba su masauki. A 1964 Sawaba ta gwada dawowa da bindiga ta kan iyakoki, aka murƙushe ta, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso. Mutanen ƙauyukan bakin iyaka, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sun sha bincike da kame. A nan hanyoyin jam'iyyun biyu suka rabu: NEPU ta sha duka amma ba ta shiga daji ba.

Sojoji sun soke dukkan jam'iyyun Nijeriya a 1966, NEPU ta mutu tana da shekara 16. Sai ka duba jerin buƙatunta ka ga abin da ya biyo baya. Daga 1967 zuwa 1970 aka ƙwace kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. A 1976 aka soke tsarin En'e ɗin kansa, aka kawo ƙananan hukumomi. A shekarar ce kuma matan Arewacin Nijeriya suka fara kaɗa ƙuri'a, shekara 20 bayan 'yan uwansu na Nijar, waɗanda dokar Faransa ta 1956 ta ba dama. A 1978 tsofaffin 'yan NEPU suka taru a PRP ƙarƙashin Malam Aminu, a 1979 suka ci jihohi biyu. Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suna hawa suka sanar da soke haraji da jangali. Ba NEPU kaɗai ta jawo waɗannan canje-canje ba. Yaƙin basasa, da ƙirƙiro jihohi, da kuɗin man fetur duk sun taka rawa. Amma lokacin da masu mulki suka tashi gyara, sun tarar an riga an shekara 20 ana faɗa wa talaka sunan ciwonsa.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Dokar keɓe makiyaya ta 1965, wadda har yau ake kafa hujja da ita a Nijeriya, gwamnatin NPC ta Sardauna ce ta yi ta. Akwai kuma dattawan makiyaya da ke cewa rasit ɗin jangali shaida ce ta zama ɗan ƙasa mai haƙƙin burtali da mashaya, kuma tun da aka daina karɓa hukuma ta daina jin tana da bashin makiyayi a kanta. Wannan magana abar dubawa ce. Sauke kaya daga kan mutum abu ne mai kyau, amma bai wadatar ba in ba a tsare masa hanyar da zai bi ba. PRP ma ba ta tsira daga rikici ba: ta dare gida biyu, aka tsige Balarabe Musa a 1981, Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983 jam'iyyar na rabe.

To jama'a, ga abin da za mu ɗauka mu tafi da shi kasuwa da ruga. In wata sabuwar jam'iyya ta zo maka, kada ka fara da tambayar mutum nawa gare ta. NEPU da takwas ta fara. Tambaye su abu uku. Da farko, su faɗi sunan ciwonka dalla-dalla: shinge nawa ne tsakanin kasuwarku da gari na gaba, wane kuɗi ne na doka wane ne na aljihu, wane burtali aka nome, wace rijiya aka toshe. Wanda bai san waɗannan ba, "adalci" da "ci gaba" a bakinsa iska ce. Na biyu, me za su koya maka ka yi da kanka tun kafin su ci zaɓe, kamar yadda aka koya wa kakanninmu neman rasit? Na uku, da wa za su haɗa kai in tafiya ta yi tsanani, kuma me za su sayar don a karɓe su? NEPU da Sawaba duka a wajen ƙawance suka ji ciwo.

In akwai dattijo ko dattijuwa a garinku da suka ga zamanin tauraro da fartanya, ko na raƙumi da giwa, ku zauna da su ku ji daga bakinsu tun suna raye, don ba komai ne aka rubuta ba. Allah ya kiyaye dukiya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.